Yadda na bi diddigin wani tsohon agogon Omega kafin a rufe rabon gado

Cikin kayan da kawunmu ya bari, Allah ya jiƙansa, agogon hannu guda ɗaya ne ya hana a rufe lissafi. Gida da gona da kuɗin banki duk an san yadda ake yi musu ƙima, amma da aka zo kan agogon sai malamin da ke rabon ya ce ba zai rubuta komai ba sai an kawo masa amsar abu uku: na ainihi ne ko jabu, zinare ne ko ruwan zinare, kuma nawa zai yi a kasuwa yau. A cikin gida ma baki bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce tun Sardauna na da rai marigayin yake ɗaura shi, wasu suka ce tsarabar Makka ce ta lokacin ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. Ni aka ɗora wa aikin, ya kuwa ci mini mako bakwai, alhali da na san ƙofar da zan fara bugawa da kwana biyu sun isa a amsa tambayoyi biyun farko.

Na fara da abin da ido ke gani. Na ɗauki hotonsa ta fuska, ta baya, ta gefe da kuma ta ƙarƙashin ƙafafunsa huɗu inda maɗauri ke shiga, a hasken rana ba na kwan lantarki ba. Faɗinsa milimita 35 idan ba a haɗa da ɗan kunnen da ake murzawa ba, tsakanin ƙafafun kuma milimita 18. A fuskar akwai tambarin Ω, da kalmomin OMEGA, Automatic da Seamaster, ga tagar kwanan wata a daidai ƙarfe uku. Can ƙasa, ƙarƙashin ƙarfe shida, akwai wani mitsitsin rubutu da sai da na ƙara girman hoton na iya karanta shi: T SWISS MADE T. A murfin baya an zana dokin ruwa. Da na ɗan kaɗa shi sai siririn hannun daƙiƙa ya tashi yana tafiya sumul, ba tsalle ɗaiɗai irin na agogon batir ba. Dare uku na yi ina kwatanta hotunan nan da na intanet, ban ƙaru da komai ba sai ciwon ido. Dalili kuwa, tun 1948 Omega ke fitar da Seamaster, kuma samfuran da suka yi kama da juna sun fi gaban ƙirga da ido. Dokin ruwan ya fara fitowa a ƙarshen shekarun 1950. Haruffan T ɗin nan biyu suna nufin an yi amfani da sinadarin tiritiyom wajen abin da ke sa fuskar haske da dare, wanda ya maye gurbin radiyom, wani sinadari mai cutar da jiki, a farkon shekarun 1960 aka ci gaba da shi har ƙarshen shekarun 1990. Ka ga abin da waje ya ba ni tazara ce ta shekara talatin da ɗoriya. Amfaninsa ɗaya, ya nuna ba radiyom ba ne. Wanda nasa agogon ya girmi 1960, ya ga ɗigon hasken ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa, kada ya buɗe shi a ɗaki, kada kuma a hura masa iska da baki, don ƙurar radiyom ba ta mutuwa a tsawon rayuwar mutum.

Kuskurena na farko shi ne kai shi wurin mai canja batir a bakin titi. Ban gama bayani ba ya zaro 'yar wuƙa ya cusa a gefen murfin zai ɓanɓare. Kafin in riƙe hannunsa bakin wuƙar ya zame ya ja layi a kan ƙarfen, layin da yake nan har yau. Murfin bayan tsofaffin agoguna iri uku ne, kuma ya kamata mutum ya san nasa kafin ya miƙa wa kowa. Akwai wanda ake dannawa ya kama, shi ne ake ɗagawa da wuƙa ta wani ɗan leɓe da aka bari. Akwai mai zare kamar murfin kwalba, ana gane shi da 'yan ramukan da ke kewaye da gefensa, shi sai da makulli na musamman. Namu irin wannan ne. Na uku ya fi haɗari, wato wanda ba shi da murfin baya sam, gidan agogon, wato ƙarfen da injin ke ciki, dunƙule yake, ta gaba ake fito da injin bayan an cire gilashi. Da yawa daga cikin masu rubutun Seamaster De Ville na shekarun 1960 haka suke, kuma wanda bai sani ba zai yi ta sassaƙar bayansu yana neman bakin da babu shi.

Daga nan na wuce wurin 'yan gwal, don ita ce tambayar da ta fi damun magada. Mutumin ya goga gefen gidan a kan baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, layin bai goge ba, ya ce zinare ne. Ya ɗora a sikeli ya fara lissafi da baki, har da cire kimanin nauyin inji da gilashi. Da na juya masa bayan agogon na tambaye shi me ya sa nan fari ne, sai ya nemi ya ɗan kankare ƙarƙashin ƙafa ɗaya da zarto ya ga ciki. Ban yarda ba, kuma na gode Allah da ban yarda ba. Gwajin dutse saman abu kawai yake karantawa. Omega na da wani irin gida da ake ɗora wa farin ƙarfe marar tsatsa hular zinare mai karat 14, ainihin zinare ne aka manna a sama, ya kuma fi ruwan zinare kauri nesa ba kusa ba, amma ƙasansa ƙarfe ne. Ba sai an kankare ba, idan ka kifar da agogon ka duba ƙarƙashin ƙafafun za ka ga layin da rawaya ta tsaya fari ya fara. Namu haka yake. Wanda aka yi wa ruwan zinare kuwa, sau da yawa za ka ga an buga Plaqué da lamba irin 20 ko 40 a tsakanin ƙafafu ko a baya, lambar kaurin shafen ce, kuma kusurwoyinsa kan cinye har ƙarfen ƙasa ya leƙo. Na zinare tsantsa da aka ƙera a Suwizalan a wancan zamani, bayansa ma zinare ne, a ciki za a ga 750 tare da ɗan hatimin kan mace idan karat 18 ne, ko 585 da hatimin kurege idan 14 ne. Zancen ko namiji zai iya ɗaura mai hular zinare na bar wa malamai, ni nawa in faɗi abin da ke jikinsa.

Sai a mako na biyu wani mai sayar da tabarau ya kwatanta mini wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran agogon wani, wato wanda ake murza wa kunne, ba na batir ba. Zuwana na farko ban same shi ba, ya je jana'iza. Na biyu na tarar da shi amma ya ce hasken yamma ba ya masa, in dawo da safe kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Raina ya ɗan ɓaci a lokacin, daga baya na fahimci mutumin da ya ƙi taɓa agogo a duhu shi ne wanda ya kamata a ba shi. Shagon bai fi taku uku ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗaure agogon a wani ɗan katako, ya share dattin gefen murfin da tsinke kafin komai, sannan ya daidaita haƙora ukun makullinsa a ramukan ya danna da ƙarfi ya murɗa. Murfin ya ƙi. Ya ce, "Ɗana, robar ciki ce ta narke, ta zama kwalta. Idan na yi gaggawa makulli zai zame." Ya ɗiga wani abu a gefen ya ce in je in sha shayi. Bayan kusan minti arba'in murfin ya saki, kuma kamar yadda ya faɗa, robar da ke hana ruwa shiga ta koma baƙin danƙo mai kama yatsa. Na ce, "Baba, kafin a taɓa komai ina so in ɗauki hoto." Ya ce ai ko ban nema ba da ya sa ni.

Cikin murfin shi ne wuri na farko da agogon ya fara magana. An buga 166.010, a kusa da shi kuma 168.024. Wannan ba lambar agogon ba ce shi kaɗai, lambar samfuri ce, duk 'yan uwansa ita gare su, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa su je suna neman shekara da ita. Amma tana da amfani. A farkon shekarun 1960 Omega ta bar tsofaffin lambobinta masu guda huɗu ko biyar ta koma wannan tsari na uku, ɗigo, uku, don haka ganin tsarin kaɗai ya nuna gidan bai girmi wannan lokaci ba. Kowane ɗaya daga ukun farko kuma da ma'anarsa: 1 na nufin agogon maza, 6 ta tsakiya na nufin mai yi wa kansa wani da hannun daƙiƙa a tsakiya, 6 ta ƙarshe na nufin gida mai hana ruwa da tagar kwanan wata. Duka ukun sun dace da abin da ke hannuna. Lamba ta biyu ta ɗaga mini hankali, na ɗauka murfin wani agogon ne, ashe gida ɗaya kamfanin ke amfani da shi ga samfuri biyu. Mai 168 shi ne wanda injinsa ya ci jarrabawar daidaiton lokaci, shi kuma ana rubuta Chronometer a fuskarsa. Namu babu wannan kalma, saboda haka 166.010 ne. Da dattijon ya ba ni madubin idonsa na ga wasu ƙananan rubuce-rubuce da aka karta da allura har wuri uku. Ya ce alamar masu gyara ce, kowa ya wanke agogo yakan bar tasa. Sannan ya nuna mini wani zagayayyen gogen da ya haskaka a tsakiyar murfin, ya ce in riƙe wannan a raina, za mu dawo kansa.

Injin launin jan ƙarfe ne mai sheƙi, irin launin da aka san Omega na wancan zamani da shi. Rabin sa a rufe yake da wani faifai mai siffar rabin wata, wanda motsin hannu ke juyawa ya yi wa agogon wani, kuma sai an tura faifan gefe ake ganin abin da ake nema. Akwai lamba guda uku, 565, ƙarƙashin ɗan tambarin Ω, ita ce sunan injin. An rubuta cewa duwatsunsa 24, wato ƙananan duwatsun da sassan injin ke juyawa a kai don kada su cinye. Sai kuma lamba mai guda takwas da ta fara da 25. Ita ce lambar da babu wani agogon da ke da irinta, ita ce kuma ke ba da shekara. A tsofaffin Omega a jikin inji take, ba a waje ba, shi ya sa duk wanda ya faɗa maka shekarar irin wannan agogo bai buɗe shi ba, kintace ya yi. Masu tara agoguna sun daɗe da haɗa jadawalin lambobin: miliyan 20 wajen 1963, miliyan 22 wajen 1965, miliyan 25 wajen 1967, miliyan 28 wajen 1969. Jadawalan kan saɓa wa juna da shekara ɗaya ko biyu, don haka na duba guda uku daban-daban, duka suka tsaya a 1967 ko kusa da ita. Injin ma ya ba da tasa shaidar. Yayansa, 562, idan kana son gyara kwanan wata sai ka yi ta kai hannuwa baya zuwa wajen tara na dare kana dawo da su sha biyu. A 565, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1960, kunnen ake ja waje har ƙarshe, kowane ja kwana ɗaya ya wuce. Dattijon ya fara kai hannuwan ƙarfe shida kafin ya gwada, ya ce kada in kuskura in ja shi idan agogon na nuna tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran da ke juya kwanan suna cikin aiki, ana iya karya su. Ya ja, 14 ta koma 15. Wani abin lura ga wanda nasa ya nuna duwatsu 17 maimakon 24: ba lallai jabu ba ne, waɗanda aka kai Amurka ne aka rage wa duwatsu saboda harajin shigo da kaya, kuma sukan zo da haruffan OXG a jikin injin.

Ke nan zancen Sardauna ya faɗi, tunda an kashe shi a Janairun 1966, injin kuwa bayan nan aka yi shi. Zancen Udoji bai faɗi ba, bai kuma tabbata ba. Lambar shekarar ƙera inji take faɗa, ba shekarar saye ba. Agogo na iya yin shekaru a kanti kafin a saye shi, ana kuma iya sayensa a hannun wani. Rasit ko katin garanti mai hatimin kanti ne kaɗai zai raba wannan gardama, mu kuma ba mu samu ko ɗaya a cikin takardun marigayin ba.

Abin da ya fi cin lokaci a ranar shi ne gwama kowane sashe da ɗan uwansa, don agogo na iya zama kowane ɓangarensa na ainihi ne amma ba tare aka haife su ba. Inji 565, gida 166.010 da shekarar 1967 sun yarda da juna. Fuskar ce ta gaba, kuma ita ce rabin kuɗin tsohon agogo. Dattijon ya bi layukan mintuna ɗaya bayan ɗaya ya ga kowanne ya faɗa daidai tsakiyar sandar awa, haruffan sirara ne masu kaifin baki, babu fenti da ya hau kan sandunan, ga 'yan ɗige-ɗigen tsufa a ko'ina daidai wa daida. Fuskar da aka sake wa fenti takan yi kyau fiye da shekarunta, rubutunta ya yi kauri, wani lokaci ma a manta da rubutun ƙasan nan gaba ɗaya. Tamu ta asali ce. Hannuwan ne suka tona kansu. Ya haska fitilar gwada kuɗi a kai ya kashe, muka rufe da tafin hannu: ɗigon fuskar ya yi ɗan haske ya mutu nan take, na hannuwan kuwa ya ci gaba da ci kore shar. Ƙarfin tiritiyom na raguwa da rabi duk shekara goma sha biyu da 'yan watanni, wanda ya haura hamsin ba zai yi wannan haske ba. Wani mai gyara ne ya sake cika hannuwan da sabon sinadari. Kunnen ba shi da tambarin Ω, na canji ne. Gilashin, wanda a gaskiya roba ce, na asali yakan zo da wani mitsitsin Ω a tsakiyarsa da sai an karkata shi a haske ake gani, namu babu. Maɗaurin ƙarfen mai talewa ma ba na kamfanin ba ne. Da na nasu ne, da a cikin maƙullinsa za a iya samun ƙananan lambobi masu nuna zangon shekara da shekarar da aka yi shi, shaida ta uku ke nan da muka rasa. Kada mutum ya ji kunyar wannan bin ƙwaƙƙwafi. A Nuwamban 2021 an yi gwanjon wani agogon Omega samfurin Speedmaster na 1957 a Suwizalan kan kuɗin ƙasar, faran, sama da miliyan uku, kamfanin Omega da kansa ya saya, sai a 2023 ta bayyana cewa haɗe-haɗen sassa ne. A da kamfanin kan ba da wata takarda daga kundinsa mai nuna ranar ƙera agogo da ƙasar da aka aika shi, wadda da ta faɗa mana ko Saudiyya aka kai namu, amma a 2023 aka dakatar da ita, mai buƙata sai ya fara duba shafinsu.

Buɗewa da dubawar nan naira dubu biyar ya karɓa. Kafin ya rufe ya ɗora agogon a kan na'urar sauraron bugu, ya saita ta a kan bugu 19,800 a awa da kusurwa 49, waɗanda su ne na wannan inji. Ta nuna yana ƙara kusan minti biyu a yini, lilon zoben da ke kai da komo kuma bai kai digiri 190 ba, alhali lafiyayye yakan haura 250 idan an cika masa wani. Man ciki ya bushe. Sannan ya koma kan gogen nan na cikin murfi. Ya taɓa faifan da tsinke, sai ga shi yana rawa sama da ƙasa. Bushin ɗin da faifan ke juyawa a kai ya cinye, shi ya sa yake gugar murfi, ciwon da aka san wannan dangin inji da shi, kuma garin ƙarfen da yake zubarwa cikin injin yake komawa. Ya ce a daina ɗaurawa, a daina kaɗa shi ana nuna wa baƙi. Na koma na faɗa wa magada, don ba ni da ikon kashe kuɗin gado ni kaɗai, suka amince a gyara. Wanki da sa mai dubu sittin, sai kuɗin bushin da sabuwar robar murfi da aka yi odarsu daga waje da dala, su ne suka zaunar da mu mako huɗu muna jira. Na sa ya rubuta mini a takarda abin da ba za a yi ba: ba za a goge gidan da inji ba, don gugar na cinye hular zinaren tana kashe kaifin ƙafafu, ba za a wanke fuskar ba, kuma duk abin da aka cire a dawo mini da shi a leda.

Wajen ƙima ne na ga amfanin lambar samfurin. Da ka rubuta 166.010 a shafin sayar da agoguna na Chrono24 za ka ga 'yan uwansa birjik, sai dai wannan kuɗin da masu sayarwa ke nema ne. A eBay akwai inda ake zaɓar waɗanda aka riga aka sayar, nan ne gaskiyar kasuwa take. Na tsamo guda goma masu hular zinare da fuska ta asali, na ajiye mafi tsada da mafi araha, na ɗauki tsakiyar sauran, sannan na rage saboda kunne da gilashi da hannuwa da rashin kwali da takardu. Irin wannan agogo kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne zuwa dubu da 'yan kai, ba abin da wasu a gidan suka ƙiyasta ba, amma ya ninka abin da mai gwal zai biya idan zinaren jikinsa kawai za a auna. Wanda zai nemi ra'ayin masana a intanet ya tura hoton fuska, na cikin murfi da na inji, amma ya rufe lambobi uku na ƙarshen lambar injin, don 'yan damfara kan ɗauki hoto da cikakkiyar lamba su tallata agogon da ba nasu ba. Da zan sake, da ba zan je wurin mai batir ba, ba zan je wurin 'yan gwal ba sai an buɗe, kuma tambayar farko da zan yi wa mai gyara ita ce ya nuna mini makullin da zai buɗe da shi.

Takardar da na kai wa malam shafi ɗaya ce: Omega Seamaster, samfuri 166.010, inji 565, ƙirar wajen 1967, farin ƙarfe mai hular zinare, fuska ta asali, kunne da gilashi da maɗauri na canji, sai ƙimar da dala da kuma naira a canjin ranar, an cire kuɗin gyara. Ya karanta sau biyu ya ce, "To shi wannan 'wajen' fa?" Na ce, "Allah gafarta malam, shekara ɗaya gaba ko baya." Ya ce wannan ba zai canja rabon kowa ba, ya sa hannu. Agogon ya faɗa a kason babbar 'yar marigayin, na haɗa mata da ledar tsohon bushin ɗin da hotunan cikin a waya.